Farin Jinin Shugaba da Ruwan Kogin Haɗeja

Mutumin Haɗeja ya san halin kogi: a watan Satumba ya shanye fadama, da bazara ya janye ya bar rairayi. Haka farin jinin shugaba yake.

Da sojoji suka kifar da Shagari ranar 31 ga Disamba 1983, jama'a sun yi maraba da Janar Muhammadu Buhari. Wata 20 kacal, layin kayan masarufi da bulalar soja suka ishe su, aka tafa wa Babangida. Shekaru suka wanke Janar, har talakawa suka raɗa masa Mai Gaskiya. A zaɓen 2015 Jigawa ta ba shi ƙuri'a 885,988, Jonathan 142,904. A 2019 nasa suka sauko zuwa 794,738, na jam'iyyar hamayya suka ninka. Tsadar abinci ta biyo baya, ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin Auyo da Kafin Hausa, ga ƙarancin takardar Naira a 2023, manomi da buhunsa a kasuwa babu mai saye. Amma da ya rasu a 2025, Daura ta cika maƙil.

Saboda haka, ɗan'uwa marubuci, kada ka auna zurfin kogi ranar ambaliya kaɗai. Ka dawo da rani ka sake aunawa.