Sojan Haya a Filin Makaranta

Wasannin makaranta sun shigo ƙasar Hausa ne tare da makarantun kwana na boko. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibi kan fito daga aji ya wuce fili, kuma sau da yawa malamin da ya duba littafinsa da safe shi ne mai tsaya masa a wasa da la'asar. A can Ahmadu Bello ya ƙware a wasan fayif, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya dawo Sakkwato yana koyarwa a Midil bayan ya gama a 1931, bai kuma rabu da wasan ba har ya zama Firimiya. Ɗalibai ba su da yawa a lokacin, an san kowa, an san ubansa da garinsu. Babu ta inda baƙo zai sa rigar makaranta ya shiga fili.

Da makarantu suka yawaita sai gasa ta girma. An fara gasar jami'o'i ta NUGA a Ibadan a 1966, aka soma bikin wasanni na ƙasa a Legas a 1973, aka kafa jami'a a Sakkwato a 1975, shekara guda bayan haka shirin UPE ya cika azuzuwan firamare. Kofi ya zama abin da shugaban makaranta ke ajiyewa a ofis don baƙi daga ma'aikatar ilimi su gani. Mu da muka kama aikin malamin wasanni bayan wannan zamani mun tarar da wata tambaya da magabatanmu ba su sha yi ba: wannan mai lamba tara ɗin, ɗalibi ne kuwa?

Wanda bai taɓa zama a teburin tantancewa ba ba zai gane yadda abin yake ba. Ana jera 'yan wasa a rana, a buɗe kundin hotuna mai hatimin shugaban makaranta, a riƙa kiran suna. Sojan haya ya haddace sunan wani yaro da ke cikin rajista, an aro masa riga, an kai shi wurin wanzami an kwashe gemu tun da asuba. Yawancinsu 'yan kulob ɗin cikin gari ne da suka daɗe da barin karatu. Mu a Illela muna da ƙari, domin Birnin Ƙonni da ke Nijar tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur, harshe ɗaya, dangi ɗaya, yaro na da kawu a nan da gwaggo a can. Fuska ba ta tona shi, magana ma haka. Sai dai ka tambaye shi wa ke zama kusa da shi a aji, ko wane malami ke koya musu lissafi, ka ga ya waiwaya yana neman idon wanda ya kawo shi. Na taɓa ganin wanda ya amsa komai daidai, sai da aka miƙa masa biro ya rubuta ranar haihuwarsa, ya rubuta sunan watan da Faransanci. Ban ga laifin yaron ba. An ba shi kuɗin mai da na abinci, shi kuma yana son taka leda. Babba ne ya manna hotonsa a kan sunan wani, babba ne ya buga hatimi, yayin da mai sunan na gaskiya ke zaune a benci yana kallon yadda malamansa ke shirya ƙarya.

Abin da muke yi a ƙananan filaye shi ne ya bi mu har gaban duniya. Mun yi murna a 1985 da Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar shekara biyu daga gasannin matasa, saboda shekarun haihuwar Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, aka kuma ƙwace mana karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. A 2009, lokacin da aka buga gasar 'yan ƙasa da 17 a Najeriya har da filin Sani Abacha na Kano, FIFA ta kawo gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI. A 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da mu, ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. A bakin iyaka mun sha tsiya wajen 'yan'uwanmu na Ƙonni, kuma da gaskiyarsu.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ɗalibi na gaskiya wanda ƙafarsa ta zame masa lasisin ƙin shiga aji. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, makin gwaje-gwajen cikin zango ya koma hannun malamin aji, sai roƙo ya samu ƙofa. "Malam, don Allah a duba yaron nan, shi ne golanmu." Malami ya ji nauyi ya ƙara maki. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, aka sake wata dokar a 1999, amma da wuya ka samu wanda ke ɗaukar irin wannan alfarma a matsayin satar amsa, alhali ita ce. Ko Amurka da ke da dokoki jibge ba ta tsira ba: binciken 2014 a Jami'ar North Carolina ya gano kimanin ɗalibai 3,100 sun samu maki a kwasa-kwasan da ba a shiga aji cikin shekara 18, kusan rabinsu 'yan wasa ne. A wurinmu cutar ta fi tsanani, domin cikin yaran da suka bi ta hannuna ƙalilan ne ƙwallo ta ciyar. Sauran gwiwa ta lalace, ko shekaru suka ja, suka koma kabu-kabu da dako a kasuwa da takardar da ba za su iya karewa ba.

Ita ma makaranta tana da hakki a wuyanta. Idan ta tura yaro gasa a Sakkwato a makon gwaji, wajibinta ne ta shirya masa nasa gwajin idan ya dawo, da tambayoyi na gaske da mai sa ido. Inda aka yi haka, aka kuma ce wanda bai cika kwanakin aji ba ba zai sa riga ba, na ga yaran da ake cewa ba sa ja sun riga kowa zuwa aji.

Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, wannan ya rage sojan gona a ƙofar jami'a. A sakandaren karkara kuwa, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa sai ta rantsuwa a kotu, har yau kundin hotuna ne da hatimi, kuma malamin wasanni ne ke fara sa hannu kafin a kai wa shugaban makaranta.