3.2 Kaluluwa da Magungunanta a Ƙasar Hausa Zamanin Turawa

Kaluluwa ita ce kumburin da kan fito a matsematsi ko hammata ko wuya. Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya lura da cewa sau da yawa takan biyo bayan gyambo ko miki, musamman na ƙafa. Saboda haka ne masu magani kan fara da mikin, su barbaɗa masa garin bagaruwa, sannan su ba majinyaci jiƙon sassaƙen maɗaci idan akwai zazzaɓi. Wanzamai kuwa sukan yi tsaga ko ƙaho. Da zarar miki ya warke sai kumburin ya sace, wannan kuwa shi ya ƙara wa jama'a imani da maganin.

Sai dai ba kowace kaluluwa ce ke jin wannan magani ba. A shekarar 1803, wani likita Bature mai suna Thomas Winterbottom ya bayyana cewa kumburin bayan wuya alama ce ta ciwon barci, har ma fataken bayi kan ƙi sayen bawan da ke da shi. A farkon ƙarni na 20 aka tabbatar da cewa ƙudan tsando ke yaɗa ƙwayar cutar. Tunda ƙwayar tana cikin jini ne, shafe-shafe da tsaga ba su kai gare ta, majinyaci kuwa yakan ci gaba da ramewa da yawan barci har ya rasu.

Lokacin da cutar ta yi ƙamari a Jihar Arewa a shekarun 1930, ma'aikatan lafiya sun bi ƙauyuka suna lalube wuyan mutane, wanda aka samu da cutar a yi masa allura. A gundumar Anchau ta ƙasar Zazzau, an sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke zama, aka kuma kafa sabon gari mai suna Takalafiya.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa maganin gargajiya ya yi amfani inda kaluluwa ta samo asali daga miki, amma ya gaza inda tushenta ciwon barci ne. Kaluluwa dai alama ce, gano abin da ya haddasa ta kuwa shi ne matakin farko na magani.