Tarihin Andy Kaufman, ɗan wasan da aka ƙi yarda da rasuwarsa

A filinmu na tarihi yau za mu leƙa Amurka, mu duba rayuwar wani ɗan wasan barkwanci na talabijin mai suna Andy Kaufman. Mu da muka taso da kallon Samanja da marigayi Ibro mun saba da ɗan wasan da ke fitowa don ya ba mu dariya, in an gama ya cire kayan wasa ya koma gida kamar kowa. Shi wannan mutumin ba haka yake ba. Ya kwashe shekaru yana ruɗa masu kallo, su kasa gane inda wasa ya ƙare da inda gaskiya ta fara, har abin ya bi shi zuwa gadon asibiti.

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1949, a birnin New York, ya girma a garin Great Neck da ke kusa da birnin. Tun yana ƙarami yakan shige ɗakinsa shi kaɗai, ya ɗauka akwai kyamara a jikin bango, ya yi ta gabatar da shirye-shirye ba mai kallo. Kafin ya kai shekara goma ya fara yi wa yara wasa a bukukuwan zagayowar ranar haihuwa. Ya karanci aikin talabijin a wata kwaleji a Boston, daga nan ya shiga gidajen barkwanci na New York, inda kowa kan hau dandamali da makirfo ya yi ta zuba labaran ban dariya. Kaufman bai taɓa ɗaukar kansa mai ba da irin waɗannan labarai ba, kuma ya sha faɗin haka.

Abin da ya fara fito da shi shi ne shigar Baƙo. Sai ya hau dandamali a matsayin wani mutum mai kunya da ya ce daga wani tsibiri ya zo, yana magana da siririyar murya da gurɓataccen Turanci. Ya ce zai kwaikwayi manyan mutane, amma duk wanda ya kwaikwaya muryar ba ta canzawa. Jama'a su fara dariyar raini, wasu su ji tausayinsa, wasu su ƙosa ya sauka. Can sai ya ce saura Elvis Presley. Ya juya baya, ya gyara gashi, ya sauya riga, ya juyo ya rera waƙa da murya da rawar Elvis sak, zauren ya kaure da tafi. Yana gamawa sai ya koma siririyar muryar nan ya yi godiya. A nan ne mutane ke gane cewa tun farko su ake wa wasa. Mu da ke zaune a garuruwan da ake yi wa Turancinmu ko Yarabancinmu dariya a kasuwa da tasha, mun san yadda mutum kan auna hankalin baƙo da lafazinsa. Wannan raini Kaufman ya fara tara wa masu kallo, sannan ya mayar masu da kayansu.

Ranar 11 ga Oktoba, 1975, tashar NBC ta fara wani shiri mai gajerun wasannin barkwanci da ake nunawa kai tsaye daren Asabar, wanda aka sani da Saturday Night Live. Kaufman yana cikin waɗanda suka fito a daren farko. Ya tsaya kusa da garmaho, ya sa faifan waƙar wani zanen yara mai suna Mighty Mouse, ya yi tsit yana rarraba ido kamar wanda ya ɓata hanya. Sai an zo kan baiti guda ya ɗaga hannu ya motsa baki da ƙarfin hali, baitin na wucewa ya koma tsayuwarsa. Iyakar wasan ke nan, kuma har yau ana tuna shi. A wasu wuraren kuma, in jama'a suka matsa ya yi masu Baƙo, sai ya buɗe littafin The Great Gatsby ya kama karantawa daga shafin farko, ana ihu yana ci gaba.

Daga 1978 zuwa 1983 ya fito a shirin Taxi a matsayin Latka, makaniken garejin tasi, wanda aka gina a kan Baƙon nan. Shirin ya kawo masa suna da kuɗi, amma ransa bai kwanta da shi ba. Ya ƙirƙiro wani mutum daban, Tony Clifton, mawaƙin gidan rawa mai tumbi da baƙin gilashi da baƙar magana, ya dage cewa shi da Clifton mutane biyu ne. Ya sa aka ba Clifton gurbi a Taxi, Clifton ya zo ya tayar da hankalin kowa har masu gadi suka fitar da shi. Wani lokaci abokinsa Bob Zmuda ke sa kayan Clifton, don a ga su biyun a wuri guda a ƙara rikicewa.

Ba duk wasansa ne na tsokana ba. A 1979, a babban zauren Carnegie da ke New York, ya zaunar da wata tsohuwa a gefen dandamali ya ce kakarsa ce, sai a ƙarshe aka ga ashe Robin Williams ne ya yi shigar tsohuwa. Da aka tashi ya kwashi 'yan kallo cikin bas 24 ya kai su shan madara da biskit.

Daga nan abin ya fara zafi. Ya shiga kokawa da mata a bainar jama'a, ya sa dala 1,000 ga duk macen da ta kayar da shi, yana zuba maganganun raina mata don a tsane shi, irin yadda mugu ke yi a kokawar talabijin. Mutane da yawa ba su ɗauke shi wasa ba, suka tsane shi da gaske. A Fabrairun 1981, a shirin Fridays na tashar ABC, ana tsakiyar wasa kai tsaye ya ƙi faɗin kalamansa. Michael Richards ya ɗauko allunan da aka rubuta kalaman ya zube masa a gaba, shi kuma ya watsa masa ruwa, aka kaure da hatsaniya a gaban kyamara. An shirya abin ne, amma mutane ƙalilan suka sani. A Afrilun 1982 ya kara da ɗan kokawa Jerry Lawler a birnin Memphis, Lawler ya doka kansa da ƙasa, Kaufman ya yi ta yawo da abin tallafe wuya. A Yulin shekarar suka haɗu a shirin David Letterman, Lawler ya sharara masa mari har ya faɗo daga kujera. Sai bayan fiye da shekara goma da rasuwarsa aka bayyana cewa su biyun suka ƙulla komai, kuma abokai ne.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A Nuwamban 1982 Saturday Night Live ta ba masu kallo lambobin waya biyu su zaɓa: a bar Kaufman ko a kore shi. Masu cewa a kore shi suka samu 195,544, masu cewa a bar shi 169,186. Shirin da ya fito a darensa na farko ya rufe masa ƙofa.

A ƙarshen 1983 ya fara tari mai naci. Likitoci suka gano sankarar huhu, alhali shi ba mashayin taba ba ne. Ya rame, gashinsa ya zube, amma wasu da suka gan shi a haka suka ɗauka sabon wasa ne. Ba za a ga laifinsu sosai ba, domin shi da bakinsa ya sha gaya wa abokai cewa yana sha'awar ya yi mutuwar ƙarya. Ya je har ƙasar Filifin neman magani wajen masu da'awar yin tiyata da hannu ba wuƙa, bai dace ba. Ya rasu ranar 16 ga Mayu, 1984, a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, yana da shekara 35.

Jita-jitar cewa yana raye ba ta mutu tare da shi ba. A 1999 aka yi fim ɗin rayuwarsa, Man on the Moon, inda Jim Carrey ya fito a matsayinsa, sabbin matasa suka san shi. A 2013 wata budurwa ta hau dandamali a New York ta ce ita 'yarsa ce kuma mahaifinta na nan da rai. Cikin 'yan kwanaki aka gano 'yar wasa ce, hukumomin Los Angeles kuma suka sake tabbatar da cewa ya rasu tun 1984.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne, salon da Kaufman ya yi shi kaɗai a zamaninsa yau ya cika wayoyinmu. Kullum muna ganin faɗan da aka shirya, da sakin aure na ƙarya, da sanarwar mutuwar wanda ke zaune lafiya, duk don a tara mabiya a TikTok da Facebook. Shi Kaufman yana da basirar da ta sa har yau 'yan wasan Amurka ke ambatonsa da girmamawa, kuma duk da haka ranar da ya kwanta ciwo na gaske ya rasa masu gaskata shi. Ƙannenmu da ke wannan harka su dubi wannan kafin su ɗora bidiyo na gaba. Mu kuma masu kallo mu riƙa dakatawa kafin mu tura abin da ba mu tabbatar ba.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.