Kuɗi jam'in wuri ne: tarihin da ya maƙale a bakin 'yan kasuwa

Wata rana a kasuwar Shinkafi na ji wani dattijo ya taya tunkiya, mai ita ya ce albarka. Dattijon ya kaɗa kai ya ce, "To ni ko hwam guda ba ni ƙarawa." Yaron da ke riƙe da igiyar bai kai shekara goma sha biyar ba, bai taɓa ganin fam da idonsa ba, amma ya gane maganar sarai. Fam ya bar hannu tun ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo, aka canza kowane fam ɗaya naira biyu. Bakin mutane ne bai sake shi ba.

Kalmar kuɗi kanta ta girmi fam nesa ba kusa ba. Jam'in wuri ce, ita ce kuwa wasu tsofaffin Zurmi ke kira kuɗɗi. Shi wuri, wannan farin ƙwanson, daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya aka riƙa kwaso shi, ya ratso teku da tudu har ya zama abin ciniki a ƙasar da ba ta san gaɓar teku ba. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala guda ta azurfa wuri 2,500. Dubu ashirin ita ce keso. Ka ƙiyasta wahalar mai sayen doki: sai an zauna a tabarma ana jan wuri biyar-biyar har rana ta karkata. Daga nan muka gaji "wuri na gugar wuri", wanda mai tura kuɗi ta waya ma yake faɗa yau.

Dala ta fi kowa yawo. A wani kwari na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal aka fara buga ta wajen 1520, sunan ya gajarce ya koma tala, Ingilishi ya mai da shi dola. Wadda fatake suka kawo mana ita ce mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta, mata suka mai da ita abin wuya. Zamanin Turawa dala ta zama sule biyu. Tsallaka iyaka daga Zurmi ka nufi Maraɗi, ka tarar dala sefa biyar ce. Suna ɗaya, ƙima uku.

Sauran sunayen tare da haraji suka zo. An kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, jirgin ƙasa kuma ya iso Ƙaura Namoda a 1929, inda dogo ya ƙare. Manomi ya kai gyaɗa da auduga kan sikeli, ya karɓi ƙarfe, ya miƙa wa mai karɓar haraji. Harshe sai ya shiga gyaran abin da kunne ya ji: shilin ya zama sule, sunan jan ƙarfe a Ingilishi ya zama kwabo, kwabo shida ya zama sisi. Shi kuwa fam, asalinsa kalmar Latin ce ta nauyi, domin a farko nauyin azurfa ake nufi. Anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huji ne a tsakiya, ana zura shi a zare. Har gobe in mutum ya tsiyace sai ya ce ba shi da ko anini. Jaka ma fam ɗari ce, shi ya sa take naira 200.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk cikin wannan aron Bature bai ba mu kalmar auna mutum ba. Wannan daga allo muka samo ta. Ƙima Larabci ce, da ita alƙali ke yanke abin da za a biya in an ɓata kayan wani, ita ce kuma wadda ido ya sani ko da yake shi ba mudu ba ne. Daraja kuwa a Larabci matakala ce, takin da ake hawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa muke cewa darajar wane ta hau, ta wane ta faɗi.

Tunkiyar dai dattijon bai saye ta ba. Ya saɓa sandarsa ya nufi layin awaki.