Aïcha Macky: 'Yar Damagaram mai shirya fina-finan gaskiya

Aïcha Macky 'yar Jamhuriyar Nijar ce da ta yi fice a shirya fina-finan gaskiya, wato waɗanda ake ɗaukar mutane a cikin ainihin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba. An haife ta a shekarar 1982 a birnin Zinder, wanda Hausawa suka fi sani da Damagaram, hedikwatar jihar da ta yi iyaka da Jigawa ta wajen Maigatari.

Karatu da fara aiki

Ta karanci ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, daga bisani ta yi digiri na biyu a fannin shirya fina-finan gaskiya a Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a ƙasar Senegal. Gajerun fina-finanta na farko su ne Moi et ma maigreur (2011) da Savoir faire le lit (2013).

Manyan ayyukanta

Fim ɗin da ya fito da sunanta shi ne L'arbre sans fruit na 2016, ma'ana bishiyar da ba ta 'ya'ya. A cikinsa ta ɗora kyamara a kan rayuwarta ta matar aure da ba ta haihu ba, tana magana da mahaifiyarta wadda ta rasu wajen haihuwa, sannan ta saurari wasu mata da ake ɗora wa laifin rashin haihuwa ko da ba a gwada mazajensu ba. Fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim ɗin gaskiya a gasar AMAA ta 2016.

A 2021 ta fitar da Zinder, wanda aka nuna a bikin Visions du Réel a ƙasar Suwizalan. Fim ɗin ya bi rayuwar gungun matasan da ake kira "palais" a unguwar Kara-Kara, tsohuwar matsugunin masu cutar kuturta, inda rashin aiki ya tura da yawa ga daba da fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya. Yawancin maganar da ke cikinsa Hausa ce.

Yadda take aiki

Mai fim mai zaman kansa ba shi da albashi, kuma irin waɗannan fina-finai ba su da kasuwar da ta kai ta Kannywood. Saboda haka Macky ta kafa kamfaninta, Tabous Production, tana haɗa gwiwa da kamfanonin ƙetare. An yi Zinder ne tare da abokan aiki daga Faransa da Jamus, ƙarƙashin shirin Generation Africa.

Jarinta mafi girma kuwa shi ne amanar waɗanda take ɗauka. Matar da ake yi wa gorin haihuwa da matashin da ke gudun hukuma ba sa buɗe baki gaban kyamara sai sun yarda da mai riƙe da ita.