Daga Bebeji Zuwa Riruwai A Kan Keke: Tarihin Da Ke Kwance A Bakin Hanya



Akwai wata ɗabi'a da ta kama da yawa daga cikinmu. In tauraron labari zai yi tafiya, sai mu rubuta cewa ya shiga mota, bayan awa biyu ya isa, shi ke nan. Hanyar ba ta da suna, ba ta da ƙura, ba ta da mutane. Mu da muka tashi a kudancin Kano, muka yi zuwa makaranta da aiken kasuwa a kan keke, mun san ba haka hanya take ba. Mai keke ya san kowane hawa da kowace gangara, domin cinyarsa ce ke biyan kuɗin. Don haka yau za mu bi hanyar Bebeji zuwa Riruwai da saurin feda, mu ga abin da mai mota yake wucewa.

Mu fara da Bebeji. Tun kafin a san kwalta, garin zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau. A watan Yulin 1826 Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya ratsa ta cikinsa a hanyarsa ta zuwa Kano, ya tarar da babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. A nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan kuma, ranar 1 ga Fabrairun 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iske ƙofa a rufe. Suka harba igwa, ƙofar ta tarwatse, sarkin garin da wasu manyansa suka rasu a wurin. Bayan kwana biyu Kano ta faɗi. Duk wanda ya tura kekensa ta gefen ragowar ganuwar Bebeji, ya sani a kan wannan tarihi yake tafiya.

Abin da igwa ba ta yi wa Bebeji ba, dogo ya yi mata. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya bi ta Ɗangora da Madobi, bai shiga Bebeji ba. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kaya suka koma tasha, ayarin jakuna ya fara raguwa. Shi kansa Ɗantata a birnin Kano ya yi shuhura, can kuma ya rasu a 1955. Ga darasi na farko ga marubuci: gari yana tashi ko ya kwanta gwargwadon inda hanya ta bi.

Kuɗin gyaɗar nan ne suka buɗe wa keke ƙofa. Keken da muka sani yau, mai tayoyi biyu daidai wa daida da sarƙa a baya, a Ingila aka fito da shi a 1885, sannan a 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Da ya iso ƙasar Hausa, kakanninmu basukur suke ce masa, wasu su ce dokin ƙarfe. Da farko abin hawan ma'aikatan En'e ne: malamin haraji, malamin gona, duba-gari, masinjan hakimi. Daga baya manomi ma in ya sayar da gyaɗa ko auduga da kaka, burinsa ya mallaki Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rale. Kasuwarsa ta kai har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Har lasin ake yankar wa keke a wancan zamani. Bayan Rale sai Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi, ya cika ƙauyuka.

Kada mu raina abin da wannan ƙarfe ya sauya. Tafiyar da ƙafa ke yi a wuni guda, keke yana cinye ta kafin azahar. Mai koli ya samu damar cin kasuwa uku ko huɗu a mako. Saurayi ya fara neman aure a garin da ubansa bai taɓa zuwa zance ba. Mai jinya ya samu kariyar da za a goya shi zuwa ɗakin shan magani. Da siyasa ta zo, bayan kafa NEPU a 1950, a kan keke 'yan jam'iyya da dama suka riƙa kai saƙo ƙauyukan da mota ba ta shiga. Sana'o'i kuma suka tsiro a gindin bishiya: mai faci, mai ɗaurin sifoki, mai ba da hayar keke ga yara masu koyo.

Daga Bebeji in aka tsallaka babban titin Kano zuwa Zariya, aka wuce Bagauda, inda reshen makarantar horar da lauyoyi yake yanzu, sai a nufi Tiga. Wannan ne zangon da ya fi daɗin tuƙi, musamman da sanyin safiya kafin iska ta taso. An gina madatsar ruwan Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano. Ita ce ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatirin da ake lodi zuwa kudu da ruwanta ake noma shi. Amma akwai ɗaya gefen labarin. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu, gonaki da maƙabartu da turakun da ƙafa da keke suka share suna can ƙarƙashin ruwa. A wata tafiya da muka yi bara, mun zauna da wani dattijo a bakin dam ɗin, yana nuna mana tsakiyar ruwa da sandarsa, yana lissafa inda rijiyarsu take da inda tsamiyar kasuwa take. Mu dai ruwa muke gani, shi kuwa gari yake gani. Da muka koma bana da niyyar naɗar muryarsa, sai aka ce mana Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

In aka dawo babban titi aka miƙa kudu, sai Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, inda hanyar Jos ta balle. Nan mai keke yake buƙatar natsuwa, domin tirela ba ta san girman kowa ba. Daga nan sai Tudun Wadar Ɗankadai, garin shinkafa. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Ningawa sun sha kawo hari kudancin Kano, suna kwasar mutane da dukiya, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi kuma ya sha fita yaƙi da su. Shi ya sa tsofaffin garuruwan nan suke da ganuwa, wasu kuma suka raɓu da duwatsu. Tsoro ne ya zaɓa musu mazauni.

Bayan Tudun Wada sai dajin Falgore. A shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Titi ya ratsa tsakiyarsa, bishiyoyi sun yi rumfa, birai suna tsallakawa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: dajin ya yi fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har aka girke sojoji a ciki. Ba wurin da mutum zai shiga shi kaɗai a kan keke ba ne, kuma ba a shigarsa da yamma. A tambayi mutanen gari kafin a tashi.

Wanda ya fita daga dajin ya shiga ƙasar Doguwa zai ji sarƙa ta fara nauyi, domin ƙasa tana ɗagawa, iska tana ƙara sanyi, masara da rake suna maye gurbin gero. A ƙarshen hawan ne Riruwai take, a tsakiyar duwatsu. Mutanen nan suna haƙar kuza suna narka ta tun kafin Bature ya zo, fatake suna kai ta kasuwar Kano. Ganin wannan kuza a kasuwanni na cikin abin da ya sa Turawa suka bi sawunta har tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Ramukan haƙar zamanin kamfani suna nan har gobe.

Babur ya ture keke bayan kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, har ya zama abin hawan wanda ba shi da hali. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mun ga magidanta da malaman makaranta suna sauko da tsofaffin kekuna daga rataya, masu faci sun sake samun ciniki. Ashe tsohon doki bai manta hanya ba.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, ya tambaye shi wa ya fara sayen keke a garin, da kuɗin me ya saya, ina ne wuri mafi nisa da ya taɓa zuwa a kansa, kuma waɗanne garuruwa ake ratsawa. A rubuta sunayen rafuka da kasuwanni yadda ya faɗe su, kada a gyara masa. Mu mun yi jinkirin shekara ɗaya, mun rasa gari guda. Kada ku yi irin namu.

Muna jiran abin da za ku samo.