Tsohuwar Ningi da Ƙasar da ke Kewaye da Ita

Matafiyin da ya tashi daga Bauci ya nufi Kano ta hanyar Kafin Madaki, ba zai jima ba sai ya hangi duwatsun Ningi sun tokare sararin sama. Mutane da dama sukan wuce su a mota ba tare da ko waiwaye ba. Alhali kuwa a cikin duwatsun nan ne waɗansu malamai suka kafa mulkin da ya gagari Kano da Bauci fiye da shekara hamsin.

Asalin abin daga Tsakuwa ne ta ƙasar Kano. Wajen shekara ta 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, domin a ganinsu bai halatta a ɗora shi a kan malamai ba. Da suka ga zama ba zai yiwu ba, sai suka yi ƙaura zuwa duwatsu, inda suka tarad da Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da su ma sun daɗe suna gudun biyan gandu. Abin da ya haɗa su ke nan, ko da ya ke addininsu ba ɗaya ba ne.

Wanda ya hau tsohon garin da ƙafarsa, shi ne zai gane dalilin da ya sa ya gagara. Ƙarfin sarakunan Fulani a kan doki ya ke, doki kuwa sai fili. Nan hanyoyi ƙunci gare su, duwatsu sun hau kan juna, har maharba kaɗan sun isa su tsare mashigi. Barde mai lifidi in ya shigo, tilas ya sauka, in ya sauka kuwa ya zama daidai da kowa. Daga bisa ana hangen ƙurar rundunar da ke tafe tun tana nesa.

To, amma dutse ba ya ciyad da mayaƙa, sai suka riƙa sauka suna kai hari. A zamanin Abubakar Ɗan Maje da Haruna Ƙarami, Ningawa suka addabi kudancin Kano da arewacin Bauci, har suka taɓa ƙasar Zazzau. Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, Sarkin Bauci Ibrahim kuwa sai da ya gina ribaɗi a Rauta. Garuruwan da aka kakkafe da ganuwa a wannan yanki, irin su Kafin Madaki, shaida ne na tsoron da ake ciki a lokacin.

Labarin da aka fi ji a Kano shi ne Ningawa 'yan tawaye ne kurum. Wannan hukunci ya yi tsauri, gama ya manta da ƙarar da malaman Tsakuwa suka yi tun farko. Sai dai kuma magadansu sun kama talakawa bayi ba adadi, har da Musulmi, watau sun aikata abin da ya fi kuɗin ƙasa muni. Haka aka zauna har shekara ta 1902, sa'ad da Turawa suka hau duwatsun da bindigogi suka kawad da Ɗan Yaya.